WAI JININ UWAR NE: ABIN DA ƘUDAN AYABA YA TABBATAR TUN 1910

Rubutun nan yana da tsawo, wanda ba shi da haƙuri ya wuce abinsa. Amma duk mai ɗa ko 'ya da suka kusa aure, ina roƙonsa ya daure ya kai ƙarshe.

Satin da ya wuce na je ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Yarinya ce 'yar shekara 7 ta rasu, ciwon sikila, kuma ita ce ta biyu da gidan ya binne da wannan ciwon. Uban ɗan uwana ne, ƙanina a zumunci. Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, an yi addu'a an shafa, sai wani Baffanmu ya gyara zama ya ce: "Ni fa tun farko na faɗa. Ciwon nan jinin uwar ne, mu danginmu ba mu san shi ba. Ga shi kuma haihuwa biyar duk mata. Ya sallame ta kawai ya nemo wata." Aka yi ta gyaɗa kai. Uban yarinyar na zaune a wurin, malamin makaranta ne mai takardar NCE, bai ce uffan ba.

Na kasa daurewa, na ce: "Baffa, a yi mini afuwa, ciwon nan ba ya kama yaro sai uwa da uba duk sun ba shi. An daɗe da gano yadda gado yake tafiya, tun daga gwajin da aka yi da ƙuda." Kuskuren da na yi ke nan, ambaton ƙuda. Wuri ya ɗauki dariya, a zaman makoki fa. Baffa ya dube ni ya ce: "Kai ɗan nan, bokon naka ya kai ka haɗa mu da ƙuda?" Na sunkuyar da kai na yi shiru, don ba a musu da babba a gaban jama'a.

To a nan zan ba da amsar. Kuma ba da Baffa nake ba, shi abin da ya taso ya tarar ake faɗa ya faɗa. Da mu nake, mu da muka zauna a aji, muka zana jadawalin gado a takardar WAEC, muka ci jarrabawa, sannan muka dawo gida muna kallo ana sakin mata a kan abin da mun san ƙarya ne.

Bari in fara da ƙudan da aka yi wa dariya. Ba ƙudan gida ba ne, ba kuma tsando ba. Ɗan mitsitsin nan ne mai jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro, ko ɓawon ayaba, ko kwandon tumatirin da ya kwana a kasuwa. Masana suna ce masa Drosophila. Wajen 1908 wani malami a Jami'ar Kolumbiya da ke birnin Niyok na Amurka, Thomas Hunt Morgan, ya fara kiwonsa a cikin kwalaben madara, yana ciyar da shi ayaba. Ɗakin da suke aikin ƙafa 16 ne da ƙafa 23, bai fi falon wani daraktan ba. Dalilin zaɓen ƙudan mai sauƙi ne: ba ya cin kuɗi, mace ɗaya tana zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma daga ƙwai zuwa balaga kwana goma ne zuwa sati biyu. Abin da za ka jira shekara hamsin kafin ka gani a jikokin mutum, a wata ɗaya ka gan shi a kwalba.

Abin da ya fi burge ni shi ne Morgan da farko bai gamsu da ka'idar gado da Gregor Mendel ya fitar daga gwajin wake a 1865 ba. Yana shakkarta, har ya soke ta a rubuce. Sai a 1910 aka ƙyanƙyashe masa wani ƙuda namiji mai farin ido a cikin dubban masu jan ido. Ya haɗa shi da mata masu jan ido. Aka samu 'ya'ya 1,237 masu jan ido, farin bai bayyana ba sai a guda 3 kacal. Da mu ne da mun ce shi ke nan, abin ya wuce. Shi kuwa ya sake haɗa 'ya'yan da junansu, ya zauna ya ƙirga jikoki ɗaya bayan ɗaya: mata masu jan ido 2,459, maza masu jan ido 1,011, maza masu farin ido 782. Mace mai farin ido ko ɗaya babu.

Daga nan ya gane cewa abin da ke sa launin ido wani abu ne mai mazauni a cikin jiki, yana zaune a kan ɗaya daga zarurrukan gado da ke cikin ƙwayar halitta, waɗanda ake kira kuromosom, kuma a kan zaren da aka laƙaba wa harafin X. Ɗalibinsa Alfred Sturtevant, yana ɗan shekara 19, ya kwana guda yana lissafi ya fitar da taswirar farko ta yadda ƙwayoyin gado suke jere a kan zaren, aka buga ta a 1913. A 1933 aka ba Morgan kyautar Nobel. Mutumin da ya fara da shakka, ƙirga ta ja shi ya sauka daga ra'ayinsa. Mu kuwa ko an kawo mana takardar asibiti sai mu ce ai kakanninmu ba su faɗi haka ba.

Ku lura da abu biyu a wannan labari. Na ɗaya, abu yana iya ɓuya a jikin mai lafiya sarai, ya tsallake 'ya'ya ya fito a jikoki. Don haka cewa "mu danginmu ba mu san shi ba" ba hujja ba ce ko kaɗan. Na biyu, wa ya shigo da farin idon cikin zuri'ar? Kakan ne, namiji. 'Ya'yansa mata ɗauka kawai suka yi daga wurinsa suka miƙa gaba. Da a ƙauyenmu ne da an sake su, shi kuma tsohon ya ci gaba da zama a kan buzunsa yana yanke hukunci.

Yanzu mu zo kan sikila. A wannan shekarar dai ta 1910, wani likita a Shikago mai suna James Herrick ya wallafa bayanin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girinada, wanda aka duba jininsa aka ga ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Daga kalmar lauje a Turanci sunan sikila ya samo asali. A 1949 James Neel ya nuna cewa ciwon yana bin ka'idar gadon nan sak: mai ɗauke da ƙwaya ɗaya, wato AS, lafiyarsa ƙalau yake yawo, mai ɗauke da biyu, wato SS, shi ne mai ciwon. Ɗan Adam yana da zaren gado guda 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Ƙwayar sikila tana kan zare na 11, kuma kowane yaro yana karɓar na 11 ɗaya daga uwarsa, ɗaya daga ubansa. To ku gaya mini, S biyu ta ina za su fito daga mace ita kaɗai? Duk namijin da ya haifi SS, shi ma yana ɗauke da S a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. In ya saki wannan ya auro wata mai AS, kabarin da ya tona jiya shi zai sake tonawa.

Akwai wani kuskure da har masu digiri suke yi. Sun ji an ce AS da AS "ɗaya cikin huɗu", sai su ɗauka in an haifi guda mai ciwo to ukun da ke biye sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, na baya bai rage wa na gaba komai ba. Wanda ya iya lissafin sakandare ya buga ya gani: a cikin gidaje 100 na AS da AS masu 'ya'ya huɗu, kusan 68 za su samu aƙalla yaro ɗaya mai SS. In 'ya'ya shida ne, gidajen sun kai 82. A Birnin Kudu da Gwaram gida nawa ne ake tsayawa a haihuwa huɗu?

Kuma kada wani ya ɗauka ciwon wasu tsiraru ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ciwon duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Mu da muke zaune a kan tabarmar makokin nan mun kai arba'in. Ke nan wajen goma daga cikinmu suna ɗauke da abin da suke zagin matar a kansa.

Sai maganar haihuwar 'ya'ya mata. Wannan ma an warware ta tun kafin farin ƙudan Morgan. A 1905 wata mace masaniya, Nettie Stevens, ta nuna a jikin wani ƙwaro cewa bambancin namiji da mace yana zuwa ne daga zaren da uba ya bayar. A ɗan Adam mace X biyu gare ta, ba ta da abin bayarwa sai X. Namiji ne mai X da Y. In X ɗinsa ya riga isa, a haifi mace, in Y ne, a haifi namiji. Ba shi ke zaɓa ba, ba ita ke zaɓa ba, kyauta ce ta Allah. Amma in dai dole sai an nuna wani da yatsa, to ba ɗakin matar ya kamata yatsan ya nufa ba. Haihuwar mata biyar a jere kuwa ba asiri ba ne, ba baki ba ne: a lissafi, cikin gidaje 32 masu 'ya'ya biyar, ana sa ran ɗaya ya kasance haka.

Abin takaicin, ba wai ba mu san gado ba ne. Je kasuwar Sara ka ga yadda mai sayen ɗan maraƙin da zai bari don barbara yake bin diddigin asalinsa. Bafulatani ba ya barin kowane bijimi ya hau masa shanu, don ya san rabin ɗan maraƙi na uba ne. Manomi yana ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye iri. Sai an zo kan ɗan mutum ne ilimin yake gudu. Yaro ya yi ƙoƙari a makaranta, ka ji ana kyan ɗa ya gaji ubansa. Yaro ya kwanta ciwo, ka ji ana jinin uwa ne. Wannan ba jahilci kaɗai ba ne, son kai ne, don an san ita ba ta da bakin ramawa.

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa, bari in rage muku wahala.

Wani zai ce ƙaddara ce, ba a tsere mata. Na yi imani da ƙaddara, kuma babu wanda ya ce gwaji yana hana mutuwa. Amma malamanmu sun sha gaya mana cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Muna kulle shago da dare, muna sa gidan sauro, muna duba taya kafin mu hau titin Kano. Sannan in da gaske ƙaddarar kuka yarda da ita, me ya sa ba a tuna ta lokacin da ake rubuta wa matar takardar saki? Ƙaddara in za a kare namiji, laifi in an zo kan mace?

Wani zai ce iyayenmu ba su yi gwaji ba kuma sun zauna lafiya. Tambayi Innarka ko Gwaggonka 'ya'ya nawa ta binne kafin su kai shekara biyar. A da ana cewa wabi ne, ko mayu, ko iska, ko amosani. Ban ce duk sikila ce ba, akwai ƙyanda, akwai zazzaɓi, akwai gudawa. Amma yaron da ke kumburin hannu da ƙafa tun yana goye, idonsa ya yi ɗorawa, ya kwana yana ihun ciwon ƙashi duk lokacin sanyi, ba jiya aka fara haifarsa ba. Suna ne ba a sa wa ciwon ba.

Wani zai maimaita maganar Baffa, mu ba ƙuda ba ne. Gaskiya ne, Allah ya karrama ɗan Adam. Amma tsarin da gado ke bi iri ɗaya ne, shi zarensa tagwaye huɗu, namu tagwaye 23. Masana sun gano kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka san suna jawo cuta a jikin mutum suna da takwara a jikin ƙudan nan. Bayan ta Morgan, an sake ba da kyautar Nobel kan aikin da aka yi da shi a 1946, da 1995, da 2017. Ba ma sai an je Turai ba: a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato akwai cibiyar binciken lafiya ta CAMRET, inda 'ya'yanmu suke kiwon ƙudan suna nazarin yadda ƙarancin wasu sinadarai a abincin iyaye ke shafar zuri'a. Su ma dariya za mu yi musu?

Wani mai ɗan karatu kuma zai ce ai akwai cututtukan da uwa ke ba ɗanta namiji. Ƙwarai akwai, kuma ba zan ɓoye ba. Ciwon rashin tsayawar jini, wanda akan fara ganewa wajen kaciya, da rashin bambance ja da kore, suna kan zaren X ne, hanyar farin idon ƙudan Morgan suke bi. Amma ita uwar a kasuwa ta sayo? Ko daga ubanta ta karɓa ko daga uwarta, ba da shawararta ba. Kuma sikila ba ta cikin wannan layin sam.

Yanzu bari in taɓa kaina, kada a ce laifi tudu ne. Ni ma ban yi gwaji kafin aure ba, alhali na gama jami'a a lokacin. Sai da aka buƙaci jini a wurina shekaru bayan haka na san ni AS ne. Daren nan ban yi barci ba sai da aka gwada maiɗakina aka ce AA ce. Ba dabarata ba ce ta tsare 'ya'yana, rufin asirin Allah ne kawai. Da ta zamo AS, ƙila da ni ne zaune a kan tabarmar can ana ba ni shawarar saki.

Shi ya sa nake cewa kason laifi mafi girma namu ne, 'yan boko. Mun haddace AS da SS don cin jarrabawa, ba mu taɓa zama da iyayenmu mun yi musu bayani da Hausa ba. Da yawanmu ba su ma san bambancin rukunin jini, irin su O da A da B, da jinotayif, wato AA da AS da SS ba. Ka tambayi mutum jinotayif ɗinsa ya ce maka O ne. Inda ake yin gwajin ma, sai saura sati ɗaya ɗaurin aure, an kai lefe, an raba kati, an sayi kayan ɗaki. A wannan lokacin wa zai iya cewa a fasa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga nan ne ake zagayawa wani ɗakin gwaji na bayan layi a ba da 'yan kuɗi a rubuto AA. Mai sayar da irin wannan takarda da mai sayenta, su sani yaron da zai kwana yana kuka shekara goma masu zuwa yana da haƙƙi a wuyansu.

A watan Mayun 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da jinotayif. Mataki ne mai kyau, amma doka ba ta shiga zaure. Abin da nake nema a wurinmu ba ya jiran majalisa.

A gwada yara tun suna ƙanana, ko aƙalla kafin su gama ƙaramar sakandare, kowa ya san nasa kamar yadda ya san sunan unguwarsu. A nan Birnin Kudu muna da asibitin tarayya na FMC, ba sai an je Kano ko Dutse ba. In an yi sau ɗaya, a sake a wani wuri daban don a tabbatar.

Waliyyai su tambaya tun ranar da aka zo neman izinin zance, kafin zuciya ta yi nisa. Masu auren zumunci su fi kowa kula. Ban ce a daina ba, na ce a gwada, domin abin da ya ɓuya a jikin kaka yana iya haɗuwa a jikin jikoki biyu.

Limamai da masu wa'azi su ware huɗuba guda su faɗa wa maza ƙarara cewa SS daga mutum biyu yake fitowa. Ranar 19 ga Yuni ce ranar sikila ta duniya, ga dama nan duk shekara. Malaman kimiyya a makarantunmu kuma, kwalba da ɓawon ayaba da ɗan ƙyalle ba su fi ƙarfin kowa ba. Ku tara ƙudan nan yara su ga ƙwai ya zama tsutsa ya zama ƙuda da idonsu, ku ba su labarin Morgan, ya fi su haddace abin da za su manta ranar da aka fito daga jarrabawa.

Sannan kada gyara ya zama ɓarna. AS ba cuta ba ce, ba kuma abin kunya ba. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar ta yawaita a ƙasashenmu. Mai AS ya auri AA, babu ɗansu da zai zama SS. Mai SS ma mutum ne kamar kowa, yana karatu, yana aiki, yana aure, in ya samu AA 'ya'yansa AS za su zama. Waɗanda kuma suka riga suka yi aure suka gano daga baya, ba ni ne zan ce su rabu ko su zauna ba. Su je wurin likita tare, su ji yadda ake kula da yaran, su yanke shawara su biyu, ba a ƙofar gida a yanke wa ɗaya hukunci ba.

Jiya aka kira ni aka ce matar tana gidan iyayenta, wai ta je ta huta. Duk mun san ma'anar wannan hutun. Mace ta yi shekaru tana kwana a zaune a gefen gadon asibiti, ta binne 'ya'ya biyu, ko arba'in ba a yi ba an haɗa mata da gori.

Ƙanina, na san kana karanta abin da nake rubutawa. Ban ambaci sunanka ba kuma ba zan ambata ba. Abu ɗaya nake roƙonka: kafin ka ɗauki biro ka rubuta mata komai, zo Birnin Kudu mu je a ɗebi jininka, ni zan biya. In takardar ta fito, kai da kanka ka kai wa Baffa ka karanta masa, sannan ka wuce ka ɗauko matarka.

Allah ya jiƙan yarinyar nan, ya sa mai ceto ce, ya ba uwarta haƙuri, ya ba masu fama da ciwon nan sauƙi. Wanda ya san gidan da ake shirin irin wannan saki, ya tura musu.